Musayar Waƙa: An Yi Doka, To Ina Wuta?

Mai Walda, Ƙofar Marusa:

Sallama gare ku 'yan uwana,
Ƙofofi uku na jira a shagona,
Janareta ya shanye gumina,
An ce an yi doka, to ina wuta?

NEPA ta mutu, sunanta na nan,
A 2013 aka sayar da kamfanonin nan,
Muka yi tafi, muka ce sauƙi ke nan,
Har yau yara na ihun "An kawo wuta!"

Malamin Makaranta, Daura:

Haƙuri Alhaji, bari in fayyace,
Da can sai abin da Abuja ta ce,
Buhari namu, shekarar 2023 ce,
Ya sa hannu jihohi su shiga harkar wuta.

Watan Yuni Tinubu ya ɗora,
Dokar 2005 aka ture, sabuwa ta fara,
Jiha na da iko yanzu ta tsara,
Ta samar, ta raba, ta sa ido kan wuta.

Hajiya Mai Ƙanƙara, Ƙofar Ƙaura:

Malam, doka ba ta daskarar da ruwa,
Zoɓona ya yi tsami, ciniki na wucewa,
Ba mita, sai bil na ƙiyasi mai hauhawa,
Duhu nake saye da kuɗin wuta.

A 2024 an ƙara wa rukunin Band A kuɗi, 'yan gata,
Awa 20 a rana, in sun jure tsadarta,
Mu a lungu, taransifoma ta ƙone, gyaranta
Karo-karo muke yi kafin mu ga wuta.

Ɗalibin Injiniya, Rimi:

Inna, tuna 2024, watan Oktoba,
An lalata layin Shiroro, ba mu shirya ba,
Kwana da kwanaki ƙwai bai ƙyafta ba,
Rijiya ɗaya, kamar Kusugu, muke ɗibar wuta.

Ga fanka 37 masu samar da wuta da iska a Lambar Rimi tsaye,
Megawat 10, burin Umaru 'Yar'aduwa tun yana raye,
Ga rana na gasa mu, ba a ɓoye,
Doka ta ce mu haƙa tamu rijiyar wuta.

Mai Walda:

Yaro, Allah ya yi maka albarka,
Da Abuja nake kira, ta yi nisa da jin kuka,
Yanzu gidan gwamnati na nan, da ƙafa sai in taka,
Ku dakace ni, ga shi sun kawo wuta!

Hajiya Mai Ƙanƙara:

Yi maza ka liƙa ƙofofinka, Alhaji,
Nan unguwarmu tuni an ɗauke wuta.