Wane bos ne ya fi razana mutum a finafinan ban tsoro?

Ɗan Kallo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar fim. A cikin miyagun finafinan ban tsoro, wanne ne ya fi razana mai kallo? Ba suna kawai nake so ba, a faɗa mini dabarar da aka yi. Me ya sa dodon fim ɗin 1978 da aka haɗa da 'yan kuɗi kaɗan yake hana barci, amma na yanzu da aka ƙera da kwamfuta, ga haƙora zaƙo-zaƙo, sai dai ka kalla ka yi hamma?

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam. Tunda ka ce 1978, na san Michael Myers na Halloween kake nufi, kuma shi zan zaɓa. Fuskar nan tasa ba wani gwani ne ya ƙera ta ba. A shago aka sayo fuskar roba ta Kyaftin Kirk na shirin Star Trek, kuɗinta bai kai dala biyu ba, aka fesa mata farin fenti, aka buɗa ramukan idon, aka hargitsa gashin. Shi ke nan. Fuskar mutum ce amma ba ta motsi, shi kuwa ɗan Adam da zarar ya ga fuska yana neman fushi ko tausayi a cikinta. In bai samu ko ɗaya ba, hankalinsa ya tashi.

Sai wurin da darakta John Carpenter yake tsayar da shi. Da wuya ya kawo shi tsakiyar hoto. Can baya, gefen shingen shukoki ko tsakanin zannuwan shanya, ya tsaya ƙiƙam. A waiwaya, babu shi. Kusa da ƙarshe akwai inda yarinyar da yake farauta ta tsaya kusa da bakin wata ƙofa mai duhu, aka riƙa ƙara hasken fitila ɗaya a hankali har farar fuskar ta ɓullo a bayanta, kamar idonka ne ya saba da duhun. Ba ya gudu, ba ya cewa uffan, numfashinsa kawai ake ji. Kiɗan piyanon ma bugu biyar-biyar yake tafiya maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba, shi ya sa ba ya barin mutum ya natsu.

Gwaggon Sinima:
Malam Mai Kyamara, bayaninka ya yi, amma Myers sai ya tako zuwa gidanka, kuma ƙofa tana da sakata. Sadako ta fim ɗin Ringu na Japan, 1998, ta cikin talabijin take fitowa, wato abin da ka zuba wa ido a lokacin. Ga kuma wa'adi: ka kalli kaset, waya ta yi ƙara, saura maka kwana bakwai.

Tafiyarta ce abin nazari. Wadda ta fito a matsayinta da baya-da-baya ta yi tafiyar tana karkarya gaɓɓai, sai aka juya hoton wajen tacewa. Ga ido gaba take yi, amma nauyin jiki yana faɗawa inda bai kamata ba, kafaɗa tana riga ƙafa. Mai son gwada wannan ya kula da abu ɗaya: kada a bar hayaƙi, ɗigon ruwa ko wani mai wucewa a cikin hoton, don su ma za su koma da baya, asiri ya tonu. Gashi ya rufe fuskarta ruf, ido ɗaya tak aka nuna, shi ma na wani namiji ne cikin ma'aikatan fim ɗin. Da Amurkawa suka sake fim ɗin a 2002 sai suka buɗe fuskar. A ganina nan suka yi asara.

Baban Sauti:
Gwaggo ta taɓo inda amsar Ɗan Kallo take. 'Yan fim na zamanin da ba su ɓoye dodo don wayo kaɗai ba, sau da yawa dole ce ta sa. A Jaws, 1975, kifin shak na inji guda uku aka ƙera, ruwan gishiri ya riƙa lalata su. Sai darakta Steven Spielberg ya koma nuna gangunan ruwan ɗorawa da aka ɗaura wa kifin suna yawo a saman teku, mai kiɗan fim ɗin John Williams kuma ya ba shi sauti biyu rak da ake maimaitawa. An haura awa guda kafin a ga kifin sosai.

Haka dodon Alien, 1979. Wanda ke cikin rigar ɗan Najeriya ne haifaffen Legas, Bolaji Badejo, ɗalibin zane da aka tsinta a wata mashaya a Landan saboda tsawonsa ya haura mita biyu, ga shi siriri. An koya masa motsi a hankali, an rabka wa bakin dodon yauƙi, H. R. Giger kuma ya zana kan ba tare da idon da za ka gani ba, don haka ba ka san ko kai yake kallo ba. Darakta Ridley Scott ya san in aka haska shi daga sama har ƙasa mutum ne cikin roba, sai ya riƙa nuna shi gutsure-gutsure: haƙori, wutsiya, inuwa. Kwamfuta ta cire wannan dolen. Darakta na iya nuna dodo minti talatin da rana tsaka, kuma abin da ido ya ƙare wa kallo ya daina ban tsoro.

Mai Kyamara:
Gaskiya ne, amma kada mu mai da ɓoyewa doka. Hannibal Lecter na The Silence of the Lambs, 1991, a fili yake cikin haske, ga magana. Maimakon sandunan ƙarfe, gilashi aka sa a ɗakin da yake tsare don kada komai ya tare fuskarsa. Farkon ganinsa yana tsaye cak a tsakiyar ɗaki, hannuwa a gefe, yana jira. Darakta Jonathan Demme ya sa shi kallon cikin kyamara kai tsaye, ita kuwa jami'ar FBI da ke yi masa tambayoyi tana ɗan kallon gefe, sai ka ji kai ake tuhuma. Fitowar Anthony Hopkins a matsayin Lecter duka ba ta kai rabin awa ba a fim na kusan awa biyu, kuma da ita ya ci Oscar.

Inda magana take kashe bos shi ne in ta koma barkwanci. Freddy Krueger na A Nightmare on Elm Street, 1984, yana cikin duhu, maganarsa kaɗan, ga safar hannu mai wuƙaƙe huɗu da riga ja da kore, launukan da darakta Wes Craven ya haɗa da gangan don suna wahalar da ido. Zuwa fim ɗinsa na 1991 har tsintsiya yake hawa yana shawagi, yana kashe mutum da wasan bidiyo, 'yan kallo suna dariya.