Ƙaura daga Niyok zuwa Teksas: yaya za a yi da rajistar kamfanin tirela?

Garba Mai Tirela: Assalamu alaikum 'yan zaure. In Allah ya yarda bayan sallah zan kwashe iyali mu koma Houston gaba ɗaya, kuɗin haya a Bronx ya fi ƙarfinmu. Damuwata ita ce ƙaramin kamfanina, wato LLC ɗin da nake aikin tirela da shi, rajistar Niyok ce, motoci biyu na ƙarƙashinsa. Ana iya ɗauke rajistar a mayar Teksas, ko sai na rufe na buɗe sabo? Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Rufe kawai ka buɗe sabo, dala 300 ce a Teksas, an gama.

Maman Amira: Allah ya sa ƙaurar alheri ce, Malam Garba. A gaida su Hajiya.

Usman Ohayo: Ɗan Zango, ka taɓa riƙe sitiyarin tirela kuwa? Garba, kada ka soma. Lambar DOT da ta MC, wato lambobin gwamnatin tarayya na rajista da izinin ɗaukar kaya, a jikin kamfanin suke. Ka buɗe sabo, ka koma ɗan koyo a idon dillalan lodi, da yawansu ba sa ba sabuwar MC kaya sai ta yi watanni. Masu inshora ma kuɗin sabon shiga za su yanka maka.

Ɗan Zango: To ni na shago na sani.

Malam Sani Akanta: Akwai abin da Garba yake nufi, wato a sauya wa kamfani mazauni yana nan da ransa, da EIN ɗinsa, wato lambar harajinsa ta tarayya, da asusun bankinsa, da shekarunsa. Teksas tana karɓar irin wannan. Sai dai sharaɗin shi ne jihar da za ka baro ita ma dokarta ta amince, Niyok kuwa ba ta da wannan ƙofar ga LLC. Saboda haka abu biyu suka rage maka. Ko ka bar kamfanin a matsayin na Niyok, ka yi masa rajistar baƙo, wato ta kamfanin wata jiha, a Teksas a kan dala 750, ka ci gaba da yi wa jihohi biyu biyayya. Ko ka buɗe sabo a Teksas ka yi maja, sabon ya haɗiye tsohon, dukiya da bashi da kwantiragi su bi shi. Ni maja nake ba mutane shawara in sun tabbata ba za su dawo ba.

Alhaji Bala: Garba ƙanena, duk wadda ka zaɓa, abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka juya wa tsohuwar rajista baya ka yi tafiyarka. Ni ganau ne. Lokacin da na baro Kalifoniya, ina da kamfanin kai marasa lafiya asibiti. Wani mai cika wa mutane takardu, ɗan'uwa ne aka haɗa ni da shi a masallaci, ya karɓi kuɗina ya buɗe mini sabo a jihar da na koma. Na tambaye shi tsohon fa? Ya ce in manta da shi, tunda ba na aiki da shi zai mutu da kansa. Wallahi haka ya faɗa mini, gaban shaida.

Kalifoniya kuwa dokarta a fili take: muddin LLC na cikin littafinsu, dala 800 ce duk shekara, ka ci riba ko ba ka ci ba, kana gari ko ba ka nan. Wasiƙu suna ta zuwa tsohon gidana ni ban sani ba, tara da kuɗin jinkiri suna hawa. Sai da wanda ya gaji gidan ya tattaro su a leda ya ba wani ɗan garinmu ya aiko mini. Ranar da na buɗe ledar nan ko abinci ban iya ci ba. Na kira mutumin, ya ce shi buɗewa aka biya shi, ba rufewa ba. Daga nan ya daina ɗaga wayata.

Abin da ya fi ci mini rai, da na je wurin lauya sai ya ce ai Kalifoniya tana cikin jihohin da suka yarda a sauya mazauni, da an ɗauko kamfanin ɗungurungum. Maimakon haka na yi sabon EIN, na buɗe sabon asusu, duk wuraren da nake ɗaukar musu marasa lafiya sai da muka sake sa hannu, wasu ma ba su dawo ba. Da na nemi bashin mota aka ce kamfanina jariri ne. Kafin a rufe tsohon kuma sai da na cika takardar haraji ta ƙarshe, na biya abin da ake bi na, na shigar da takardar sokewa a ofishin sakataren jiha. Ka nemi lauya ko akanta mai lasisi. Sanin mutum a sahun sallah ba shi ne lasisi ba.

Maman Amira: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Ɗan Zango: Waye mutumin? A faɗi sunansa kowa ya kiyaye.

Shugaban Zaure: A'a. Ba a kiran suna a nan, kun san doka.

Nura Dijital: Ni ban ga abin wahala ba. Ku kai rajistarku Wyoming ko Delaware mana, kowa can yake yi yanzu. Ba harajin jiha, ba surutu.

Malam Sani Akanta: Nura, a daina yaɗa wannan maganar don Allah. Inda kake zaune kana aiki, nan ne ke da iko da kai. Garba ya yi rajista a Wyoming alhali ofishinsa da motocinsa suna Houston, dole dai ya sake yin ta baƙo a Teksas, ga kuɗin ejan mai karɓar wa kamfani takardun hukuma a can, ga rahoton shekara. Wanda ke zaune a Kalifoniya kuma dala 800 ɗin nan tana nan tana jiransa ko a ina ya buɗe.

Nura Dijital: Amma manyan kamfanoni duk a Delaware suke.

Malam Sani Akanta: Su masu hannun jari suke nema, kotun kasuwancin jihar suke so. Garba lodi yake nema.

Nura Dijital: Kai dai kana kare sana'arka ne, Malam.

Barista Kano: Ikon Allah. Ni da nake gida abin nan mamaki yake ba ni. A Najeriya CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta tarayya ce, kamfanin da aka yi wa rajista yana Kano zai koma Legas da lambar rajistarsa ta RC, sanar da canjin adireshi kawai zai yi. Abin da ke bin jiha shi ne harajin albashin ma'aikata da kuɗin wurin sana'a.

Issoufou Damagaram: Bakano da rajista? Ku da kuke buɗe kamfani a bakin Kwari da tebur ɗaya.

Barista Kano: Tebur ɗin nan shi yake tufatar da Damagaram, yaro. Ka zo ka biya bashin atamfa tukuna.

Usman Ohayo: Ku bar mu mu gama da bawan Allah. Malam Sani, ni majar nan ban natsu da ita ba ga mai tirela. In na Teksas ne ya haɗiye na Niyok, ai wanda ke riƙe da lambobin ne ya ɓace. Sai ya warware wannan da FMCSA, hukumar tarayya mai kula da manyan motoci, kafin ya sa hannu a komai. Ni a wurinsa dala 750 zan biya in huta. Abin da Niyok ke nema na sabunta bayani dala 9 ce duk shekara biyu, kuma tallan jarida na mako shida da Niyok ke sa sabon LLC ya yi ai ya riga ya yi shi tun buɗewa.

Garba Mai Tirela: Na yi, jaridu biyu. Ba zan manta kuɗin nan ba.

Malam Sani Akanta: Hujjarka tana da ƙarfi, Usman, amma ka ɗora masa biyayya ga jihohi biyu har abada. Ko wacce ya bi, a Teksas akwai rahoto ranar 15 ga Mayu duk shekara. Kamfanin da cinikinsa bai wuce dala miliyan 2.47 ba, a ma'aunin 2024 da 2025, ba ya biyan harajin kamfani, amma rahoton bayanan dole ne. IRS kuma, hukumar harajin tarayya, a sanar da su sabon adireshi da fom 8822-B.

Usman Ohayo: FMCSA ma a sanar da su da fom MCS-150. IRP da IFTA, wato rajistar mota da harajin mai na masu ratsa jihohi, su ma sai sun koma Teksas tunda can ne sansaninka. In kuma za ka riƙa shiga Niyok da lodi, harajin hanyarsu na manyan motoci bai sauka daga kanka ba.

Alhaji Bala: Ka karɓo takardar shaidar cewa kamfanin ba shi da matsala a Niyok tun kana gari.

Maman Amira: Malam Garba, wace unguwa za ku zauna? Ƙanwata tana can, tana neman islamiyyar yara ta ƙarshen mako, ko Hajiya za su haɗu su nema tare.

Issoufou Damagaram: Ku na Houston, nawa rago ya kama bara?

Shugaban Zaure: Mai lambar lauyan da ya san harkar tirela ya tura wa Garba ta gefe. Maganar rago a buɗe mata nata zancen.