Awo guda ga Legas da Illela: muhawarar zauren ma'aikatan Sakkwato

Mai Talla, Mabera: Jama'a ku taya ni ji. Kamfanin da nike raba wa kayan masarufi ya ɗora muna awo guda da na Legas: kwali nawa ka sayar a wata, shago nawa ka kai ma kaya, nawa ka karɓo. Rabin masu saye a hannuna mutanen Ƙonni ta Nijar ne da ke shigowa ta Illela. Da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ciniki ya tsaya cak har Maris 2024. Ko kwali ɗaya ba a rage min ba. Allon da manya ke dubawa a kwamfuta ja yake nuna sunana, kuma da watannin nan aka hana ni ƙarin girma. Wanga zalunci ne.

Akawu: Ƙanena, ka yi hattara da kalmar zalunci. Da hannunka ka sa wa takardar hannu. Kamfani mai rassa da yawa dole ya auna kowa da abu guda, in ba haka ba kowane reshe zai kawo nashi uzuri. Tun 1992 masana harkar kasuwanci Kaplan da Norton suka ce a duba fuska huɗu wajen auna aiki: kuɗi, gamsuwar mai saye, tafiyar aiki a cikin gida, da horar da ma'aikata. Naku ya kama kuɗi kaɗai. Gajerta ce, ba zalunci ba.

Malama, Arkilla: Yaya Akawu, malamai sun ce zalunci shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba. Awon Legas a kan ɗan Illela, ina muhallinsa?

Akawu: To duk malamin da ya ba ɗalibai jarrabawa iri ɗaya azzalumi ne ke nan?

Malama: Kada ka jawo malamai cikin wagga magana, kai da ke cikin sanyin ofis ba ka san zafin ranar Afrilu ba.

Alhaji mai albasa: Ku yi haƙuri 'ya'yana. Ni dai na sani, wanda anka tauye wa haƙƙi shi ka faɗin sunan abin da anka yi mai.

Ɗan Banki: A Amurka, bankin Wells Fargo ya matsa wa ma'aikata lamba kan yawan asusu, har suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185, ma'aikata kusan 5,300 suka rasa aiki. Mu ma nan ƙarshen wata kowa ya san abin da ake yi don lamba ta cika.

Baƙo daga Kano: Mu a kasuwar Singa ba ma kuka da awo, fita muke mu nemo kasuwa.

Mai Talla: Wa ya sako Kano? Kai iyakar wace ƙasa anka rufe maka?

Baƙo daga Kano: Ai Maraɗi a hannunmu take saye, mu ma mun ji a jikinmu.

Akawu: Har yanzu ba wanda ya nuna min niyyar cuta. Ba niyya, ba zalunci.

Malama: A wane littafi?

Shugaban zaure: Na rufe wannan batu. Abin da na fahimta, yawancinmu sun yarda an zalunci ƙanenmu, Akawu ne kawai ya tsaya kare masu kamfani, kuma mun san inda albashinsa ke fitowa. Baƙonmu na Kano, a kiyaye harshe. Mai Talla, ka tattara rasit ɗin watannin da iyaka ke rufe, gobe bayan La'asar mu rubuta wa hedikwatarku takarda.