Wace kalma za mu ba "fungus" da Hausa?

Malamar Islamiyya, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Ƙora ta kama yara da dama a ajina, gashi yana zubewa kewaye-kewaye kamar an ɗora kwabo an aske, wurin ya yi fari fat. Za mu rubuta wa iyaye takarda. Ma'aikaciyar lafiyar da ta duba su ta ce fungus ne, kuma shi ne dai yake kawo makero. Na tsaya da biro a hannu. Me zan rubuta da Hausa?

Ɗan Sabon Gari: Malama ki rubuta "ƙwayar cuta" ki huta.

Mai Kemis, Samaru: Don Allah kar ki yi haka. Ƙwayar cuta buhu ce, bakteriya na ciki, bairos na ciki. Duk wanda ya ji ta, kafso yake zuwa nema. Ba na iya ƙirga iyayen da suka ɗura wa yaro amfisilin saboda makero, alhali ko gezau ba ya yi wa wannan halitta. Ni dai "fangas" nake cewa a shago.

Malamar Islamiyya: To Malam, kakar yaro a Ƙofar Doka ta ji "fangas", me ta ji?

Ɗalibin Hausa, Jami'ar Ahmadu Bello: Na taɓa ganin an fassara shi da "naman kaza".

Baba Mai Ritaya, Gyallesu: Yaro, je ka gaya wa mutum naman kaza ya tsiro masa a kai ka ga yadda za ku ƙare. Gaskiya ne dangi ɗaya ne, amma naman kaza shi ne babban da ido ke gani a gindin itace da damina. Kalmar da kuke nema tana cikin ɗakin girkin iyayenku: funfuna. Tuwon da ya kwana uku a kwano, burodin da aka manta a leda, takalmin fata da ya sha damina a ƙarƙashin gado, me ke fitowa a kansu? To wannan ɗin ne. Na yi shekaru ina aikin duba samfur a ɗakin gwaji. In aka kankaro ɓawon makero aka sa a madubin likita, zare-zare ne masu rassa, irin na burodin. Tun 1839 wani likita Bajamushe, Schönlein, ya gano irin wannan a wata cutar fatar kai. Abincinsu keratin ne, wato abin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi. Shi ya sa nan suke tarewa, ba kasafai suke nutsawa cikin jiki ba. Kuma kamar ta burodi, ɗumi da laima take so: hammata, matsematsi, tsakanin yatsun ƙafa.

Mai Kemis: Baba ranka ya daɗe, na yarda da asalin. Abin da nake tsoro kunya ce. Ka ce wa budurwa jikinta ya yi funfuna, ta ji kamar ka ce mata ƙazama. Ba za ta sake dawowa ba, sai ta je ta sayi man nan mai haɗi uku da ke da sitiroyid a ciki, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, da'irar kuma ta ci gaba da faɗi a ɓoye.

Baba Mai Ritaya: Ai ba za ka ce "kin yi funfuna" ba. Ka ce "ƙwayar funfuna ce ta kama fatar". Laifin ya koma kan ƙwaya. Kuma ka ƙara mata da cewa mai wanka sau uku a rana ma yana ɗauka, daga injin aski, mataji, hula, tawul, ko kyanwar gida.

Hajiya daga Kwangila: Ni tambayata daban ce. Kyasbi fa? Cin ruwa fa? Kar a zo a binne mana sunayenmu.

Ɗalibin Hausa: Ba wanda zai taɓa su, Hajiya. Ƙora, makero, kyasbi, cin ruwa, kowa na nan da sunansa. Sunan gidansu ne babu. Sai dai rubutun: na ji funfuna, na ga fumfuna, wasu kuma hunhuna suke cewa.

Baba Mai Ritaya: Mu a Zazzau funfuna muka tashi muna ji. Kyasbi kuwa ɗan gidan ne, amma ɗakinsa daban: tasa ƙwayar irin ta yis ce, Malassezia, tana zaune a fatar kowa, zufa da maiƙo ke sa ta yi yawa. Tana da hannu a amosanin ka ma. Wadda ba ta cikin gidan sam ita ce ƙazuwa, wannan ƙwaro ne ke haƙa fata. A kiyaye.

Mai Kemis: Na sauko. Har ta yi mini amfani a wuri guda: farcen da ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa, ban taɓa samun sunan da zan kira shi ba. Yanzu sai in ce funfunar farce. Malama, ki sa a takardar cewa funfunar fatar kai ba ta jin man shafawa kaɗai, don tana cikin gashin. Sai maganin sha, kamar griseofulvin, na sati 6 zuwa 8, kuma likita ne zai rubuta gwargwadon nauyin yaro.

Malamar Islamiyya: Na gode, Allah Ya saka. Ga abin da na rubuta: "Ƙora da makero cututtukan funfuna ne. Ƙwayar funfuna ce ke kawo su, maganin bakteriya ba ya kashe ta. Kowane yaro ya riƙe hularsa da matajinsa, a kai wanda ya kamu asibiti." Na karanta wa mai sharar makarantarmu, tsohuwa ce. Ta ce, "Au, irin ta tuwo?" Gobe za a buga.