Wai abin kunya yana gama da ɗan majalisa a ƙasar nan kuwa?

Abu Hafsat:
Salam jama'a. Muna ta musu da abokai a majalisarmu ta bakin titi, wasu na cewa da zarar an kama ɗan majalisa da badaƙala shikenan siyasarsa ta mutu, ni kuma na ce ba haka nake gani ba. Ku da kuke bin lamarin ya kuke gani?

Malam Habu Gwale:
Wa'alaikumussalam. Ya danganta da irin abin kunyan. Salisu Buhari a 1999 yana kakakin majalisar wakilai aka tono maganar takardar digirin bogi ta Jami'ar Toronto da ƙaryar shekarunsa, ya sauka yana kuka, Obasanjo ya yi masa afuwa daga baya amma bai sake komawa majalisa ba. Shi kuwa Farouk Lawan abin ya fi ba ni takaici wallahi, shi ne fa jagoran waɗanda suka matsa har Patricia Etteh ta sauka daga kujerar kakakin majalisar wakilai a 2007 kan kwangilar gyaran gida, mutane na ganinsa mai gaskiya, sai ga maganar cin hancin dala 500,000 daga hannun attajiri Femi Otedola a 2012 lokacin binciken tallafin mai, 2015 ya rasa kujerar Bagwai/Shanono, 2021 kotu ta ɗaure shi, sai 2024 ya fito daga gidan yarin Kuje.

Maman Ilham:
Malam Habu to Orji Kalu fa? Yana sanata aka yanke masa shekara 12 a 2019, Kotun Ƙoli ta soke shari'ar a 2020 ya koma kujerarsa, 2023 kuma suka sake zaɓensa. Mu a unguwa ba wanda ke tambayar ina kuɗin kwamiti, ana duba wa ya biya wa yara kuɗin JAMB, wa ya gina rijiyar burtsatse, wa ya zo gaisuwar mutuwa.

Ɗan Bebeji:
Hajiya gaskiyarki. Kuma ku lura wanda ya tona asiri shi ake saurin hukuntawa. Abdulmumin Jibrin ya fasa ƙwai kan cushe a kasafin 2016 aka dakatar da shi kwana 180 na zaman majalisa, Sanata Abdul Ningi ma hira ya yi da BBC Hausa a 2024 kan zargin cushe a kasafin kuɗi suka dakatar da shi wata uku.

Malam Habu Gwale:
Haka ne ɗan'uwa, sai dai Jibrin ɗin ai ku kuka dawo da shi a 2023, mutanen Kiru da Bebeji ba su ɗauki dakatarwar a matsayin laifi ba.