Musayar Waƙa: Farar Wuya Ta Riga Ni Gida

Sarkin Akurki (Kano): Jama'a, yau tattabarata Farar Wuya ta fitar da ni kunya. Kusan kilomita 40 ta yi ita kaɗai.

A gadar Wudil da sassafe na sake ta ta bi iska,
Ni na hau mota, ana ta lodi ana sauka,
Kafin in ga Mariri ta dira a ɗaka,
Ta ci gero, ta sha ruwa, har ta yi wanka.

Ɗan Damagaram:

Yaya, Wudil ai bayan ɗakinka ne,
Ko zabon Inna zai iya, wasa ne,
Kawo ta Zinder in kai gwanin gaske ne,
In ta koma Kano, rawanin naka ne.

Sarkin Akurki:

Ƙanena, ba a hawan gini daga sama,
Kilomita 5 muka fara tun tana ƙarama,
Sai 10, sai 20, da yunwa kaɗan don ta yi himma,
Taka fa? Ta ga namijin maƙwabci ta manta da kai ma.

Hajiyar Zango (Kumasi): Ayyururui! Sarki ya gama magana. Damagaram, a sha ruwa.

Malam Aruli: A yi haƙuri, amma ɗangon ƙarshe ya fi na farko da gaɓa huɗu, karin ya karye. Shi kuma ɗan uwanmu da ya jera "ne" sau huɗu, wannan lalaci ne, ba amsa-amo ba.

Hajiyar Zango: Malam, ga shi kai ma ka ce "ne".

Malam Aruli: Ni zube nake yi, Hajiya, ba waƙa ba.

Baƙon Beljiyam: Ku matsa, manya sun iso.

Nan Beljiyam ake tseren gaskiya,
Zobe a ƙafa tun tana 'yar sati ɗaya,
Tattabara New Kim a 2020 ta girgiza duniya,
Yuro miliyan 1.6 wani ɗan Sin ya biya.

Kuma ga sirrinsu, Sarki: sukan raba namiji da matarsa, sai dab da za a sa shi a kwando a nuna masa ita. In an sake shi, ba ya ko waiwaye.

Hajiyar Zango:

Ashe ko tsuntsu ya san girman mata,
Ya keto hazo da shaho don ya gan ta,
Tare suke kwancin ƙwai, ba ya barin ta,
Kwana 18 cur. Ku maza, wa ya taɓa kwatanta?

Sarkin Akurki: Hajiya, ɗazu fa kina ɓangarena.

Ɗan Damagaram: Afuwan, caji ne ya ƙare tun azahar. Yaya, ƙazafi ka yi wa baiwar Allah.

Tawa ba ta bi namiji ba, shaho ya sure ta,
Ina tsaye da kwanon dawa ina fito ina kiran ta,
Gashi uku na tsinta a katanga, da jan zaren ƙafarta,
Har yau mijin na kuka a bakin tukunyarta.

Baƙon Beljiyam: Kai, wannan baitin ya taɓa ni. Allah ya mayar da alheri. Damagaram ya ci wannan zagayen.

Sarkin Akurki: Ya ci da me? Tausayi ya nema, ba fasaha ba. Amma ƙanena, akwai 'yan shilar Farar Wuya guda biyu, in sun yi fiffike, ɗaya taka ce.

Malam Aruli: Baitin ya yi ma'ana, sai dai ɗango na biyu ya yi tsawo kamar igiyar rijiya.

Ɗan Damagaram:

Malam mai awon gaɓa da mudu,
Ba ka da tattabara, ba ka da ko ƙundu,
Kawo naka baitin, ɗango huɗu,
Mu ga ko zai tashi ko zai faɗi gudu-gudu.

Malam Aruli: "Gudu-gudu" cusa shi ka yi don amsa-amo.

Hajiyar Zango: Baiti muke jira, Malam.

Malam Aruli: Ina zuwa, an kira Magariba.