Wane suna za mu raɗa wa "succulent"?

Jama'a, ku agaza mini da kalma ɗaya. Ina cikin fassara labarin satar tsirrai a Afirka ta Kudu na ci karo da succulent, na tsaya cik. Ana nufin duk tsiron da ke da kaurin ganye ko kara ko saiwa, wanda yake tara ruwa a jikinsa don ya jure fari. Muna da irinsu tuli: ƙerana, tinya, aguwa da ake shinge da ita, karan masallaci, kabar giwa, kariya mai jan fure. Kowanne da sunansa, sunan da zai haɗa su gida ɗaya ne na rasa.

Bari ku ji labarin tukuna, don ku san abin da ake nema wa suna. A yammacin Afirka ta Kudu har cikin Namibiya akwai busasshiyar ƙasa, wajen Namakwaland da Richtersveld, inda ruwan sama ba ya da yawa, hazon teku ne ke taimaka wa tsirrai. Can ake samun wani dangi da ake kira Conophytum. Ɗaya bai wuce ƙwayar gurjiya ba, yana lafe cikin tsakuwa, sai ka taka shi ba ka sani ba. Wani iri a kan tudu ɗaya tak yake a duk duniya, kuma curin da bai cika tafin hannu ba yana iya shafe shekaru gommai kafin ya kai haka. Daga 2019 kasuwarsu ta buɗe a intanet, ta ƙara zafi lokacin kullen korona da mutane suka koma ƙawata ɗaki da tukwanen shuka, musamman a gabashin Asiya. Dillalai kan ba talakawan yankin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kuma su bi duwatsu da sukundireba da buhu suna ɓamɓarowa. Abin da hukuma ta kama daga lokacin ya haura miliyan ɗaya. A 2023 Afirka ta Kudu ta sa Conophytum gaba ɗaya a jeri na uku na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wato ba a fitar da shi sai da takarda. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma sai da ta yi doka a 2021 saboda masu kwashe Dudleya, wani irin tsiron mai tara ruwa, daga duwatsun bakin teku.

To, ga shawarwarin da suka shigo.

Wani ɗan'uwa ya ce a rubuta kaktus a huta. Malam, da na huta, amma ba zai yiwu ba. Kaktus dangi ɗaya ne cikin dangogi da yawa, kuma asalinsa nahiyar Amurka. Ƙeranarmu kama kawai ta yi da shi, ba jini ɗaya ba ne. Karya reshenta ka ga farin ƙaro yana tsatsafowa, wanda tun muna yara ake ja mana kunne kada ya taɓa ido.

"Tsirran hamada" ma na ƙi. Tumfafiya da aduwa suna jure fari, amma ba sa cikin wannan gida. "Masu ruwa-ruwa" kuwa, wallahi kunu ya faɗo mini a rai.

Wanda ya tsaya mini a zuciya na wata baiwar Allah ce daga Damagaram: mai-salka. Hajiya, Allah ya ƙara basira. Salka ita ce fatar akuyar da matafiyi kan cika da ruwa ya rataya a gefen raƙumi ko jaki. Na taɓa shan ruwanta ina yaro, sanyi ƙalau da ɗan warin jima, bayanta a jiƙe kullum. Tsiron da ya ɗauko guzurin ruwansa a jikinsa, ai hoton ya fita sarai. Matsalar ɗaya ce: na gwada wa ƙannena biyu da suka tashi a birni, ɗaya ya ce sunan unguwa ne, ɗayan ya yi shiru. Kalmar da sai an fassara ta kafin ta fassara wata, aikinta ya zama biyu.

Sai wani dattijo ya tuna mana yadda Bahaushe ya saba raɗa wa tsiro suna da aikinsa, kamar fid-da-sartse. Ya ce me zai hana ɓoye-ruwa? Baba, ina ganin ka kashe bakin zancen. Yaro ya ji ya gane, bakin mai karanta labarai ba zai sarƙe ba, jam'insa kuma "su ɓoye-ruwa" ko "dangin ɓoye-ruwa".

An yi ƙorafi biyu. Na farko, wai kankana ma ruwa ce fal. Haka ne, amma a 'ya'yanta yake, yabanyarta kuwa in fari ya yi tsanani yaushi take. Na biyu, wai kuka tana tara ruwa a gindinta, ita ma za ta shiga ke nan? Ta shiga mana. Akwai masana da ke lissafa ta cikinsu, har suna ce mata babbarsu. Ni dai daɗi na ji da sunan ya kamo ta da kansa.

Don haka na rubuta: "An kama wasu mutane da buhunan ɓoye-ruwa da suka tono daga daji ba izini." Mai-salka kuwa na ajiye ta don ranar da zan yi rubutun nishaɗi, ba na so ta ɓace.

Saura guda. Aikin da waɗannan mutane ke yi, Turawa da kalma ɗaya suke kiransa da na masu harbin giwa don haure, wato "poaching". Mu "farauta" ba ta hawa kan tsiro, ba wanda ke farautar abin da ba ya gudu. Na sa "tonon sata" na wucin gadi. Wanda ke da abin da ya fi shi ya kawo kafin gobe da azahar, lokacin zan miƙa aikin.